Tseren Dutsen Kamaru: Hawa Da Wuya, Sauka Ta Fi Wuya

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Duwala ya nufi Limbe ko Kumba, idan ya yi sa'a gari ya yi garau, da zarar an haye gadar kogin Mungo an doshi Tiko zai hangi wani shirgegen dutse ya tokare sararin samaniya, kansa na ɓuya cikin gajimare. Wannan shi ne Dutsen Kamaru, wanda garin Buea ke zaune a gindinsa. Da yawa daga cikinmu mun sha wucewa ta gabansa da kayan kasuwa, wasunmu ma a inuwarsa aka haife su, amma ƙalilan ne suka taɓa sa ƙafa a kansa. To, hangen Dala dai ba shiga birni ba ne.

A kowace shekara, galibi cikin watan Fabrairu, ɗaruruwan maza da mata sukan taru da sassafe a filin wasa na Molyko da ke Buea, su tashi da gudu su haye wannan dutse har ƙololuwa, sa'an nan su juyo su dawo inda suka fito. Tafiyar, zuwa da dawowa, ta kai kimanin kilomita 38, hawan kuma ya haura mita 3,000. Masu yawon buɗe ido kan yi kwana biyu ko uku a wannan hanya. Zakaran tseren kuwa yakan gama cikin awa huɗu da rabi ko kusa da haka. A 'yan shekarun nan mun fara jin samarin unguwanninmu suna zancen shiga wannan tsere, musamman da yake ladan wanda ya zo na ɗaya ya kai sefa miliyan 10. Dalili ke nan da ya sa muka ga ya kamata wannan fili ya yi bayanin abin da ke jiran mutum a kan hanyar, domin mai niyya ya san abin da zai tarar, iyaye kuma su san abin da za su amince da shi.

Dutsen Da Kansa

Tsawon Dutsen Kamaru daga bakin teku ya kai mita 4,040, ko da yake wasu littattafai kan rubuta 4,095. Babu dutsen da ya kai shi tsawo a duk wannan ɓangare na yammacin Afirka. Dutse ne mai aman wuta, kuma har yanzu da ransa. Ya yi amai a shekarun 1909 da 1922 da 1954 da 1959 da 1982, sa'an nan a 1999 da 2000. Mutanen Limbe ba za su manta da na 1999 ba, lokacin da narkakken dutse ya gangaro har ya datse hanyar da ta tashi daga Limbe zuwa Idenau, kusa da ƙauyen Bakingili. Na 1909 kuwa ya zo ne a zamanin da Buea ke matsayin hedkwatar mulkin Jamusawa, kuma ya firgita su ƙwarai.

Masu ƙasar, wato kabilar Bakweri, suna girmama wannan dutse matuƙa. A al'adarsu akwai wani mai tsaron dutsen da suke kira Efasa Moto, kuma kafin ranar tsere sarakunansu na gargajiya sukan yi tsarabe-tsarabensu na neman a hau lafiya a sauko lafiya. Tun daga shekarar 2009 gwamnati ta mai da babban sashen dutsen gandun daji na ƙasa. A cikinsa akwai giwayen kurmi da birai, da wata irin fakara wadda ba a samunta ko'ina a duniya sai a nan. Haka kuma gefen dutsen na yamma, wajen Debundscha, yana daga cikin wuraren da suka fi ko'ina samun ruwan sama a duniya, inda ake samun kusan milimita 10,000 a shekara. Shi ya sa ake yin tseren da rani, lokacin da hanya ta ɗan tsane.

Yadda Tseren Ya Faro

An fara wannan tsere ne a shekarar 1973, ƙarƙashin kamfanin giya na Guinness, kuma da sunan kamfanin aka daɗe ana kiransa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan dattawanmu na wancan zamani suka kau da kai daga gare shi. Wanda ya fara cinyewa shi ne John Ekema, ɗan kabilar Bakweri. A cikin shekarun 1970 wani Bature limamin coci mai suna Walter Stifter ya zo na ɗaya har sau uku, daga baya kuma wasu Turawan, kamar Mike Short na Ingila, suka zo suka gwada sa'arsu suka dace.

A shekarar 1996 ne al'amarin ya koma hannun hukumar wasannin guje-guje ta ƙasa, a zamanin shugabancin Kanar Hamad Kalkaba Malboum, mutumin yankin Arewa Mai Nisa. Aka sake masa suna zuwa Course de l'Espoir, wato tseren kyakkyawan fata. Daga nan ya zama bikin ƙasa baki ɗaya, ana nuna shi a talabijin, 'yan tsere na zuwa daga kowane yanki da ma ƙasashen waje.

Daga Kwalta Zuwa Kurmi

Kashin farko na tseren a kan kwalta ake yinsa. Daga Molyko hanya ta miƙe sama ta ratsa tsakiyar garin Buea, jama'a sun yi dafifi hagu da dama, ana kiɗa ana sowa. A nan ne sabon shiga ke yin kuskurensa na farko. Sowar jama'a takan ɗebe shi ya saki ƙafa kamar wanda zai yi gudun mita ɗari, alhali kwaltar nan kanta hawa ce tun daga farko har ƙarshe. Kafin ya kai wurin da ake kira Upper Farms, inda gonakin gidan kurkuku suke, ya riga ya ƙone rabin ƙarfinsa, ga shi kuwa ko dutsen bai fara ba.

Daga gonakin nan kwalta ta ƙare, sai 'yar siririyar hanya ta kutsa cikin kurmi. Wanda ya saba da dajin arewa, inda kake hangen mutum tun daga nesa, zai ga abin mamaki a nan. Itatuwa ne dogaye sun haɗe kai sun tare rana, gansakuka ta lulluɓe jikinsu, raɓa na ɗiga daga ganye ko da ba a yi ruwa ba. Wani lokaci hazo kan sauko ya rufe ko'ina har mutum ya daina ganin na gabansa. Iskar wurin kuma a jiƙe take, gumi na zuba amma ba ya bushewa, don haka jiki ba ya samun sanyin da yake bukata.

Babban abin da ke wahalar da ɗan tsere a kurmi shi ne ƙasar da yake takawa. Saiwoyin itatuwa sun fito sun gitta hanya kamar matakala, wasu a fili, wasu a ɓoye ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, kuma duk santsi gare su. A tsakaninsu akwai duwatsu da ramukan da ruwan damina ya zaizaye. Babu taku biyu da suka zo iri ɗaya. A kan kwalta mutum na iya sakin jiki tunaninsa ya tafi wani wuri, amma a nan tilas ido ya riga ƙafa, ya zaɓa mata inda za ta sauka taku biyu ko uku kafin ta isa. Wanda ya ɗaga kai don ya duba wanda ke gabansa, sau da yawa sai dai ya ji shi a ƙasa. Bugu da ƙari hanyar ba ta da faɗi, wuce mutum sai an sami sarari, saboda haka wanda ya shiga kurmi a baya yakan daɗe a baya.

Ƙwararrun 'yan tsere ba sa jin kunyar daina gudu a wuraren da hawan ya yi tsanani. Sukan koma tafiya da sauri, su dafa gwiwoyi da hannuwa suna tura jiki sama, domin a irin wannan wuri mai gudu da mai tafiya kusan tare suke isa, sai dai mai gudun ya fi jigata. Wani abin lura shi ne, da yawa daga cikin 'yan tseren gida an san su da sa takalman roba masu araha tare da safa, irin waɗanda ake samu a kowace kasuwa, saboda ba su da nauyi kuma ƙafarsu ta saba da su.

A cikin kurmin ne ake isa masauki na farko, wanda ke wajen mita 1,850 daga bakin teku. Akwai irin waɗannan masaukai a kan hanyar, inda jami'ai ke tabbatar da cewa ɗan tsere ya biyo ta wurin, kuma ake samun ruwa da masu ba da agaji.

Bayan Kurmi

Ɗan gaba kaɗan da masauki na farko, sai kurmi ya yanke kamar an sa wuƙa. Mutum ya fito fili, babu inuwa, sai ciyawa da baƙaƙen duwatsun da wuta ta amayar shekaru aru-aru. Tsakanin nan da masauki na biyu, wanda ke wajen mita 2,850, shi ne wurin da hawan ya fi miƙewa tsaye. A wasu wuraren sai an haɗa da hannu ana kama ciyawa da duwatsu. Wanda ya waiwaya a ranar da gari ya washe zai hangi Buea a ƙasa kamar an zuba tsakuwa, da gonakin Tiko, har zuwa teku.

Daga nan kuma sai wata sabuwar matsala ta kunno kai, wato ƙarancin iska. Duk yadda mutum ya ƙara sama, iskar da yake shaƙa na ƙara sirancewa. A ƙololuwar dutsen, abin da huhu ke samu a kowane numfashi kimanin kashi 60 ne cikin 100 na abin da yake samu a Duwala. Zuciya na bugawa da sauri, ƙafafu su yi nauyi, wani kansa ya yi ciwo, wani ya ji jiri ko tashin zuciya. Ga kuma sanyi, domin zafin gari na raguwa da kimanin digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau. Mutumin da ya bar Molyko yana gumi cikin 'yar singileti, bayan awa uku sai ya sami kansa cikin iska mai kaɗawa da sanyin da ke kusa da daskarar da ruwa. Bayan masauki na uku, wajen mita 3,750, ko ciyawar kirki babu, sai toka da ƙonanniyar tsakuwa wadda ƙafa ke nutsewa a ciki.

Saukowa

Wanda bai sani ba zai ɗauka cewa da an taɓa ƙololuwa an gama da wahala. Masu tseren kuwa sun san cewa a saukowa ake cin tsere, a nan kuma ake jin ciwo. Hawan kan cinye wa na gaba-gaba kusan awa uku, saukar kuwa ba ta fi rabin haka ba, wato ke nan gudu ake yi na gaske a kan gangaren da mai tafiya ma sai ya yi hattara.

Dalilin wahalar shi ne, a gangare naman cinya ne ke riƙe nauyin jiki duka a kowane taku, yana aikin birki. Bayan dubban irin wannan taku sai cinyoyi su fara rawa, su daina bin umarni. A kan tsakuwar sama mutum na iya zamewa ya faɗi a kan duwatsu masu kaifi kamar fasasshiyar kwalba, shi ya sa ake ganin 'yan tsere suna shigowa fili da jini a gwiwa da tafin hannu. Sa'an nan ga kurmin nan yana jira a karo na biyu. Saiwoyin da mutum ya tsallake da safe da sauran ƙarfinsa, yanzu zai bi ta kansu da gudu, da gajiyayyun ƙafafu, ido kuma ya fito daga hasken rana ya shiga duhuwa. Targaɗe da ɗaurewar jijiya sun fi yawa a nan. In an fito kurmi kuma sai kwalta, da tsakar rana, zafi na dukan mutum daga sama da ƙasa har zuwa Molyko.

Su Wa Ke Cinyewa?

Idan ana zancen wannan tsere, sunan da ke fara zuwa bakin kowa shi ne na Sarah Etonge, wadda ake yi wa laƙabi da Sarauniyar Dutse. 'Yar Buea ce, uwar 'ya'ya bakwai, kuma ta zo ta ɗaya a ɓangaren mata har sau bakwai tsakanin 1996 da 2005. Garin Buea ya kafa mutum-mutuminta a 2006, an kuma nuna ta a wani fim na tarihin tseren mai suna Volcanic Sprint wanda ya fito a 2007.

A ɓangaren maza kuwa, shekaru da dama ke nan 'yan yankin Arewa maso Yamma ne suka fi yin kaka-gida, irin su Eric Mbacha da Godlove Gabsibuin, waɗanda kowannensu ya cinye fiye da sau ɗaya. Sirrin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da ya tashi a tsaunukan Kumbo ko Oku ko Ndu, tun yana ƙarami hawa da sauka ne rayuwarsa: zuwa gona hawa ne, zuwa makaranta hawa ne, ɗebo ruwa ma haka. Jikinsa ya saba da siririyar iska tun kafin ya san ana wani abu wai shi tsere. Daga irin waɗannan tsaunuka ne matasa Musulmi suka fara fitowa cikin sahun gaba, har a shekarar 2021 Ali Mohamadou ya zo na ɗaya. Wannan ya isa ya nuna cewa ƙofar a buɗe take ga kowane ɗan ƙasa.

Abin Da Tseren Ke Ci

Ba za mu ɓoye wa masu karatu ɗaya gefen ba. A watan Fabrairu na 2024 wani ƙwararren ɗan tsere daga Kenya mai suna Charles Kipsang, wanda ya daɗe yana cikin na gaba a ranar, ya galabaita a kusa da ƙarshe. Ya daure ya kai layin gamawa, jim kaɗan kuma ya yanke jiki ya faɗi, rai ya yi halinsa. Mutum ne da gudu ya zame masa sana'a, daga ƙasar da ta yi suna a duniya wajen gudu. Idan dutsen nan ya kayar da irinsa, yaron da shirinsa bai wuce ƙwallon yamma a filin unguwa ba ya kamata ya yi wa kansa faɗa.

Har ila yau akwai batun tsaro. Rikicin da ya ɓarke a yankunan masu magana da Ingilishi tun daga 2016 bai bar tseren ba. A ranar 25 ga Fabrairu, 2023, wasu abubuwa sun fashe a kan hanyar 'yan tsere a cikin garin Buea jim kaɗan bayan an tashi, mutane kusan ashirin suka jikkata. Duk da haka an ci gaba da tseren a ranar, an kuma sake yinsa a shekarun da suka biyo baya. Mai niyyar zuwa, ko don tsere ko don kallo, ya nemi labarin halin da ake ciki daga 'yan'uwa mazauna can kafin ya kama hanya.

Ina Namu Samarin?

Fiye da shekara ɗari ke nan Hausawa na zaune a garuruwan kudancin ƙasar nan, daga Briqueterie a Yawunde da New-Bell a Duwala, zuwa Tiko da Kumba da Bamenda. An san mu da kasuwa, an san mu da tsire da goro da ɗinki. Amma a irin wannan rana da ƙasa duka ke kallon wuri guda, galibi a bakin hanya ake ganinmu, ba a tsakiyarta ba. Ranar da ɗan unguwarmu zai shigo filin Molyko cikin goman farko, za ta yi mana amfanin da dogon jawabi ba zai yi ba wajen nuna cewa mu ma 'yan ƙasar nan ne. Sai dai kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ga shawarwarinmu ga mai sha'awa:

Na farko, ya je asibiti a auna zuciyarsa da jininsa tun kafin ya fara shiri. Masu shirya tseren na yin nasu gwajin lafiya, amma kada ya jira sai nasu. Mai ciwon zuciya ko hawan jini ko sikila ko asma kada ya kusanci wannan dutse sai da izinin likita.

Na biyu, ya ba kansa shekara guda aƙalla, ya kuma nemi tudu. Na Yawunde suna da Dutsen Febe da Mbankolo, na Bamenda suna da hawan Up Station, na Ngaundere ma ga dutse a bayan gari. Na Duwala, inda ƙasa take a shimfiɗe, tilas su riƙa fita. Ya koyi sauka kamar yadda yake koyon hawa, a kan hanyar ƙasa mai duwatsu da saiwoyi, domin kwalta ba za ta koya masa komai game da kurmi ba.

Na uku, ya shiga ƙungiyar 'yan tsere mai rajista a yankinsa, domin ta nan ake sanin ƙa'idojin shiga da ranakun gwajin share fage. Kafin ya yi tseren, ya fara hawan dutsen da tafiya, tare da ɗan jagora, ya ga yadda jikinsa zai karɓi iskar sama. Akwai kuma rukunin matasa da na 'yan karɓa-karɓa, waɗanda suka fi dacewa da mai farawa.

Na huɗu, ya lura da kalanda. Watan azumi yana zagayowa, a shekarun 2026 da 2027 cikin Fabrairu yake kamawa. Awa biyar ko shida ana hawa da sauka babu ruwa a ciki kasada ce da rai. In ranar tsere ta faɗo cikin azumi, dutsen na nan ba inda za shi, baɗi ma rana ce.

Na ƙarshe, ya san lokacin tsayawa. Ciwon ƙirji, ko jiri, ko ruɗewar tunani, ko ɗaukewar gumi alhali ana cikin zafi, duk alamu ne na a tsaya a nemi masu agaji nan take. Miliyan goma waɗanda suka zo na ɗaya ne kaɗai za su ɗauka cikin ɗaruruwa, sauran kuwa ribarsu ita ce su koma gida da ƙafafunsu.

Muna kira ga masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin matasa da attajiranmu, idan aka ga yaro mai ƙafa da naci, a taimaka masa da kuɗin mota da na abinci da na asibiti, a haɗa shi da masu horarwa, maimakon a bar shi ya tafi a ɓoye ba shiri. Wanda kuma ya taɓa hawan wannan dutse daga cikin masu karatu, muna maraba da wasiƙarsa don amfanin 'yan baya. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya a ƙasarmu, amin. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.